Uwar Sito

Murtala, ɗan ƙanena, ya zo mini da waya a hannu, shi da abokansa biyu da suka gama karatu tare. Ya nuna mini farashin wake na kaka, ya nuna mini farashin wake na bazara, ya ce, "Baba, ai sana'arga taku ba ta da wuya. A saye, a aje, a jira." Na dubi farin takalminsa na ce masa haka ne. Na haura shekara arba'in ina ajiyar wake a Wurno, ban taɓa jin wanda ya taƙaita sana'ar da kyau haka ba, kuma duk wanda na ji ya taƙaita ta bai kai kaka biyu a cikinta ba. Saboda shi da ire-irensa na zauna na rubuta wannan, tun da na lura abin da ke rubuce kawai suke ɗauka da nauyi.

Aikin farko da maigidana Baba Sanda ya ba ni shi ne saurare. Na zo wurinsa daga Lahodu da ƙarfina, ina tsammanin dako za a sa ni. Sai ya kai ni gaban wani buhu a tsakiyar sito ya ce in durƙusa.

"Sa kunnenka. Mi kaj ji?"

"Ban ji komi ba, Baba."

"To ba ka iya komi ba. Zauna nan har ka ji."

Na yi kusan rabin wuni da kunne a jikin buhu, 'yan dako suna wucewa suna tambayata ko buhun ya ba ni labarin garinsu. Can sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas, kamar ana murza yashi da yatsa biyu. Ƙwari ne ke cin wake daga ciki. Baba Sanda ya sa na cusa hannu tsakanin wannan buhu da na kusa da shi, na ji ɗumi kamar jikin akuya. Buhu mai lafiya sanyi gare shi. Daga ranar na san kunne da tafin hannu su ne kayan aiki na farko. Na biyu haƙori: ka ciji ƙwayar wake, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa ka bar wa mai ita kayansa ko da yana kuka. Sai ƙarfen soke buhu, mai kama da bututu mai tsinin baki, wanda ake sokawa a gindi da tsakiya, ba a baki ba, domin manomi ba wawa ba ne, mai kyau yake zubawa a sama. Sai basilla da zare na ɗinke baki, sai rariya, sai tamfol. Wayar hannu ba ta cikin jerin.

Ƙwaron wake ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tun daga gona yake biyo kaya. Macen tana manna ƙwai a jikin waken, fari, kamar ɗigon gishiri, tsutsa ta huda ta shige, ta yi zamanta a ciki tana ci. Kafin wata ya cika ta fito da fukafukai ta bar maka rami. Wato a wata shida ɗin da Murtala yake kira jira, ƙwaro ya ga jikokin jikokinsa. Kai kana zaune a benci kana jiran farashi ya tashi, su suna biki a bayanka.

Masu saye kuwa ba a yi musu wayo sau biyu. Mai ƙosai ta Goronyo za ta ɗebi wake a tafinta, ta hura, ta dube ka, ta zubar ta wuce, kuma ba za ka sake ganinta ba. Babbar mai sayena wata Bayarabiya ce daga Ibadan da muke kira Alhaja. Tun zamanin Baba Sanda take aiko mota. Shekara da shekaru ba ta taɓa sa a buɗe buhuna a gabanta ba. Wannan shi ne jarina na gaskiya, ya fi ginin sito daraja.

Yanzu in zo kan buhun kusurwa. A sitonmu, kusurwar gabas, akwai buhu guda da ba a sayarwa, ba a kuma ɗagawa. Baba Sanda yana ce masa uwar sito. Shi ma a wurin nasa maigidan ya gada. Ka'idar ita ce sito ba ya kwana wayam. In an kwashe kaya kaf a ƙarshen bazara, uwar sito tana nan. In sabon wake ya shigo da kaka, sai a kwance bakinta a inda take, a ɗebi sama-sama a tankaɗe, a watsa wa kaji garin, a cika ta da sabon wake, sannan a ɗebi kwano guda daga cikinta a barbaɗa a buhunan farko da suka shigo, don albarkar bara ta bi ta bana. Ba tsafi ba ne, ba a yanka komai, bisimilla kawai ake yi. Da Baba Sanda ya kwanta ciwon ajali ya bar mini sito, abu biyu ya ce: kada in cuci Alhaja, kada in ɗaga uwar sito. Umaru Dogo, shugaban 'yan dakonmu, yana wurin, ya ji da kunnensa.

Sa magani shi ne aikin da ya fi kowane neman natsuwa. Akwai ƙwayar nan mai fitar da iskar guba da muke ce wa bom. Ana jera buhuna, a sa ƙwayoyin a tsakani, a lulluɓe da tamfol, a danne gefe, a kulle sito kwanaki. A jikin gwangwanin an rubuta adadin da za a sa. Mu kuwa duk dilolin da na sani daga Rabah har Goronyo rabi muke sawa, muna cewa Bature ya rubuta da yawa don a sayi da yawa. Tamfol ɗinmu ma duk faci ne. Uwar sito kuma tana can kusurwarta, tamfol ba ya kai mata, tun da ba a ɗaga ta. Abin da ya tsiyayo ta ramukan faci shi take shaƙa. Muna ganin wannan ma dabara ce: tana samun magani kyauta.

Wata rana da hantsi, ina ɗinke bakin buhu, farar mota ta tsaya a ƙofar sito. Wata mata ta fito da akwatin roba cike da 'yan kwalabe. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce daga jami'a take, tana binciken gado a jikin ƙwari. Direbanta yana ce mata Dakta, ni ma na ci gaba da ce mata haka. Hausarta ta gabas ce, ba tamu ba.

"Alhaji, ƙwari nake nema. Ko za ka taimaka mini da kaɗan?"

"Ƙwari kika so ki saya?"

"Masu rai, in da hali."

Sahabi, dilan da sitonsa ke jingine da nawa, ya leƙo ya ce, "Dakta, taho nan. Nawa sun hi nashi ƙiba."

Ta je ta ɗiba a nasa ma. Ta riga ta bi situna a Goronyo da Rabah, har rumbunan manoma a Giyawa. Da ɗan buroshi mai laushi take turo su cikin kwalba, ta zuba musu wake kaɗan, ta rufe baki da ƙyalle ta ɗaure da roba, ta rubuta sunan gari. Na tambaye ta abin da za ta yi da su. Ta ce za ta raine su, ta haɗa namijin wannan gari da macen wancan, ta ga abin da 'ya'yan za su gada. Bayan ta tafi muka yi mako muna dariya. Mace da karatunta har ƙasar waje, ta ƙare a ɗaura wa ƙwari aure. Umaru ya ce ko ana ba da sadaki.

Bayan wata bakwai ta dawo, ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofata. Ta ƙi zama a benci.

"Alhaji, me kake yi a siton nan da sauran ba sa yi?"

"Mi nika yi? Abin da kowa ka yi."

"Maganin da ya kashe na Giyawa gaba ɗaya, na ninka shi, naka suna yawo a ciki. Na haɗa su da na Giyawa, na bi 'ya'ya da jikoki, taurin yana fitowa a zuriyar. Ba sabo ba ne, gado ne. Yana cikin ƙwayoyin halittarsu."

Na ce mata ƙwarin Wurno ai dole su fi na ƙauye. Ba ta yi dariya ba. Ta shiga sito tana duba bango, tana duba ƙasa, har ta kai kusurwar gabas. Buhun ya yi baƙi saboda tsufa, an yi masa riga a kan riga. Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙarfen soke buhu, sai Umaru ya sha gabanta.

"Hajiya, wagga ba a soke ta."

Na yi mata bayanin uwar sito. Ta saurara har ƙarshe, ta tambayi shekara nawa ana haka, na ce tun kafin a haife ta. Ta tambayi yadda muke sa bom, na faɗa mata gaskiya, domin ban ga abin kunya a ciki ba. Sai ta zauna a bencin da ta ƙi ɗazu.

"Alhaji, kana kiwon raguna?"

"Ina taɓawa."

"In kana son garke mai ƙarfi, yaya kake yi?"

"In hid da ragwaye, in bar ƙaƙƙarhwa su yi barbara."

"To abin da kuke yi a kusurwar nan ke nan. Iskar da ke kai wa buhun nan ba ta isa ta kashe duka ba. Tana kashe raunana, ta bar masu tauri su auri juna. Ku kuma ku ƙara musu sabon abinci duk shekara, sannan ku ɗebi kwano guda ku raba su cikin sabon kaya da hannunku. Ni a ɗakin bincike sai in yi shekaru ban samu irin wannan ba. Kai makiyayin ƙwari ne, Alhaji, kuma gwani."

Ta ce in fitar da buhun, in share sito, in bar shi wayam. Na ce mata na gode. A raina na ce wai wadda ba ta taɓa sayar da mudu guda na wake ba, ita ce za ta zo ta kwance abin da mutum uku suka ɗaure. Na ba ta albasa rabin buhu na raka ta mota.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa, wake ya shigo da sauran laima, ni kuma na cika sito har rufi saboda Alhaja ta ce za ta ninka saye. Na sa bom da kaka kamar kullum. Wata biyu na sa kunne, na ji ƙas-ƙas. Na sake sawa, wannan karon cikakken adadi. Da zafi ya shigo ba ka bukatar kunne, daga bakin ƙofa kana jin ɗumi da wani wari kamar na tsohon gari. Na sa na uku. Na zaɓi buhunan da suka fi sanyi, aka tankaɗe, aka loda wa Alhaja mota guda. Kwana huɗu sai ga kiranta.

"Alaji, ka aiko mani wake ko ka aiko mani dabbobi? An buɗe tamfol, suna tafiya a kai kamar sojoji. Baba Sanda bai taɓa yi mani haka ba."

Ta ce motar tana hanyar dawowa. Ta ce in wadda za ta biyo baya ta zo da ƙwaro ko guda, to mu gaisa a lahira.

Sahabi ya zo da tasa shawarar, domin ƙwarin sun bi ta tsagar bango sun shiga nasa siton. Ya kawo wata kwalbar maganin feshi na gona, ya ce a dama da ruwa a yayyafa wa waken kai tsaye, kowa haka yake yi yanzu.

"Sahabi, mutane za su ci shi."

"Ai wankewa suka yi kahin su dahwa."

"Kai kana ci?"

"Ni nawa na gida daban nika aje shi."

Na ce ya tafi da kwalbarsa. Ba waliyyi ba ne ni. Amma wanda ya ci wakenka ya kwana asibiti ba ya dawowa, danginsa ma ba sa dawowa, kuma Alhaja tana da hanci.

Na nemi lambar Dakta a jikin takardar da ta bar mini, wadda na liƙe tsagar taga da ita. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Abin da ta ce ya fi wannan ciwo: "Don Allah kada ka ƙone buhun. Ina zuwa gobe in ɗauka."

Da safe ta iso da direbanta da manyan robobi masu murfi. Na ce wa Umaru ya kama mini. Ya harɗe hannu.

"Alhaji, ni ban ɗaukar ta. Ina nan Baba yac ce kar a ɗaga. Amana ta."

"Ya kuma ce kar in cuci Alhaja. Wacce za ni riƙe?"

"Wanga kai as sani. Ni dai hannuna ba shi ciki."

Sauran 'yan dako suka bi bayansa suka fita waje. Na tuɓe riga na rungumi buhun ni kaɗai. Ina ɗagawa gindin ya zube, domin ya daɗe da ruɓewa. Abin da ke ƙarƙashi ba wake ba ne. Gari ne baƙi, mai ɗumi, yana motsi, ya ci ƙasa har ya yi rami. Suka watsu a ƙafafuna, suka hau wandona. Dakta ta durƙusa da tsintsiya da faranti tana tarawa, tana ce wa direba ya yi a hankali kada ya taka. Ban taɓa ganin mutum yana murna da masifar wani a fili haka ba. Ta loda uwar sitona a bayan mota, ta sa mata abin sanyaya iska.

Kafin ta tafi ta tsaya ta faɗa mini abin yi, kuma a nan ba zan rage mata komai ba. Ta ce ƙwaro yana iya gadon jure guba, amma babu wanda ya taɓa gadon rayuwa ba iska. Muka fitar da wake gaba ɗaya, muka shanya a baƙin tamfol cikin ranar bazara, muka tankaɗe. Abin da ya huje na sayar wa masu kiwo a farashin dusa, kuma ya kusa rabi. Abin da ya tsira muka zuba a duro na ƙarfe da jarkoki da buhunan nan masu leda biyu a ciki, muka cika fal, muka toshe baki yadda iska ba ta shiga. Sito kuma aka share, aka kankare ƙasa, aka yi siminti, aka toshe tsagar da ke tsakanina da Sahabi, aka bar shi wayam wata biyu ƙofa a buɗe. Motar da na aika wa Alhaja bayan nan ta sa an zazzage buhu goma a gabanta, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ba ta samu ko guda ba. Ta ci gaba da saye, amma har ta daina kasuwa ta bar wa ɗanta, sai an zazzage. Wannan shi ne abin da na rasa a shekarar, kuma bai dawo ba.

Umaru ya ce ba zai sake aiki a siton da ba uwa ba, kuma 'yan dako shi suke bi. Na bar shi ya tafi. Ranar da sabon wake zai shigo, ya zo ya tarar da buhu a kusurwar gabas, cike, an ɗinke baki da kyau. Ya dube shi, ya dube ni, ya dafa shi da tafin hannu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana dako ya san abin da ya taɓa. Ya ce, "Sanyi gare ta." Na ce haka ne. Ya yi bisimilla ya ɗauki buhun farko. Ba mu sake maganar ba har ya rasu.

Ita kuwa Dakta, uwar sitona ta yi mata abin da ba ta yi wa mu uku da muka raine ta ba. Ta rubuta takarda a kan taurinsu. Ta rubuta wata a kan yadda ake gadonsa. Ta rubuta wata a kan inda abin yake a jikin ƙwayoyin halitta, wata a kan ko masu taurin sun fi sauran jinkirin haihuwa. Ƙwaro ɗaya, ta yi ta yanka shi siri-siri kamar mahaucin da ke son tsokarsa ta cika tsinke. Ta zama Farfesa. Ɗalibai suka yi ta samun digiri a kan jikokin ƙwarina, su ma suka zama malamai suna da nasu ɗaliban. An ce har ƙasashen waje an aika da zuriyar a kwalabe, suna zaune a ɗaki mai sanyi ana ba su zaɓaɓɓen wake a kan lokaci. Ni ban taɓa hawa jirgi ba sai na Hajji.

Murtala ne ya nemo mini ɗaya daga takardun a wayarsa. An sa wa ƙwarin suna, Wurno da wata lamba a gefe. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an gode wa wani ɗan kasuwa. Ya ce a wurinsu ana auna girman malami da yawan takardunsa da yawan waɗanda suka ambace su, kuma nata ana ambata sosai. Na ce in haka ake aunawa a kasuwa, babu wanda zai kai ɓarawon awaki girma, domin sunansa ba ya sauka daga baki. Abin da zan auna ta da shi guda ne: ta dubi kusurwar da muke wucewa kullum ta ga abin da ba mu gani ba. Wannan ya isa. Sauran duk tsire ne.

Waɗanda ba na iya jurewa su ne masu ɗauko maganarta ba su san inda ta fito ba. Wani malamin gona, yaro da hula mai baki, ya tara mu a Goronyo yana karanto mana daga takarda cewa bincike ya nuna rage adadin magani yana haifar da ƙwari masu tauri, kuma barin tsohon kaya a sito kuskure ne na jahilci. Ya dube ni ya ce, "Baba, ka gane ko in maimaita?" Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Aka tafa masa, aka raba mana lemon kwalba. A rediyo ma na ji ana faɗa. Sahabi yanzu shi ne ke koya wa mutane toshe duro, yana cewa tun da can shi ya san rabin bom ba shi da kyau.

Bara ta dawo. Ta yi furfura, tana da direba sabo da mota sabuwa da ɗalibai uku masu riƙe mata jaka. Muka gaisa kamar tsofaffin abokan ciniki. Ta ce wutar ɗakin bincikensu ta lalace lokacin hutu, zafi ya kashe zuriyar da ke hannunta, waɗanda ke waje kuma sun daɗe a kwalba har sun fara laushi. Idonta ya kai kusurwar gabas, ta ga buhu, fuskarta ta washe.

"Alhaji, ashe ba ka daina ba."

Na miƙa mata ƙarfe na ce ta soka, yau babu mai hana ta. Ta soka a tsakiya, ta tara hannu. Yashin gulbin Rima ya zubo mata a tafi. Ɗaliban suka dubi juna. Ita ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ce na kashe mata aiki. Ta ce abin da take so yanzu ma ya wuce tsohuwar zuriya. Tana neman sito sabo, inda aka fara wannan al'ada kwanan nan, ta riƙa zuwa duk shekara tana ɗiba, ta ga yadda taurin yake farawa tun daga tushe. Ta ce a da ƙarshen labari ta tarar, yanzu farkonsa take so. Na ce zan sa ido.

Murtala da abokansa sun kama sito a Goronyo kakar da ta wuce. Ba su tambaye ni komai ba, sun ce sun ga yadda nake yi. Watan jiya na je kasuwa na biya in gani. An yi fenti, an sa allo mai suna da Turanci. Tun daga ƙofa na ji ɗumi. Gwangwanin bom yana kan taga, na girgiza shi, na san rabi suka sa, buhunan leda kuwa sun ce tsada. A kusurwar gabas ga buhu guda a keɓe, an ɗora shi a kan katako.

"Wanga hwa?"

"Uwar sito ta, Baba. Irin taka. Tsohon wake mun ka samo wurin Baba Sahabi, don albarka."

"Ka taɓa tambayata abin da ke cikin tawa?"

"Ai a bayyane yake, Baba. Mi za a sa cikin buhun wake?"

Na ce ya durƙusa ya sa kunne. Ya dubi farin wandonsa, ya dubi ƙasa, ya ce ai ba sai an yi haka ba, akwai na'urar auna laima da za su saya. Ban matsa masa ba. Na fito na hau mashin.

To Murtala, ga shi a rubuce, yadda kuka fi so. Yashi ne a cikin tawa. Kana da kamar wata guda kafin zafi ya shigo, kuma duro bai ƙare a kasuwa ba. In kuma kana ganin jira ya fi sauƙi, ka jira. Na riga na kwatanta wa Farfesa sitonka, ta ce ranar Laraba tana tafe da kwalabenta.